Allon Malam da Kwamfutar Dutsin-Ma

Maigidana mai ɗaukar hoto ne, amma in ka ce ya tsaya a ɗauke shi sai ya ɓata rai kamar ka ba shi maɗaci. Wanzami ba ya son jarfa. Shagonshi yana Dutsin-Ma, kan hanyar da ɗalibai ke bi, ɗan ɗaki ne mai babbar kwamfuta guda da na'urar buga takardu da wani shuɗin labule da ake tsayawa a gabanshi. Nan yake haɗa katin biki da kalandar amare da sitikar suna, ya buga wa ɗalibai ayyukansu, ya gyara hoton fasfo. Da wuya a yi amarya a unguwarmu hotonta bai ratsa ta hannunshi ba. Shi kau in ban da hoton katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da akuyar sata, ba mu da wani hotonshi na kirki.

Sau ɗaya na ci galabarshi. Ranar da ɗiyarmu ta fara tafiya ne, ɗiyar fari, ita kaɗai Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyarshi ya sa mata, don haka uwata yake ce mata. Yana tsugune a tsakar gida da singileti, ya miƙa hannuwa yana cewa, "Taho, uwata, taho." Na lallaɓa na ɗauki wayarshi na danna bidiyo. Ta yi taku, ta yi tangaɗi, ta faɗa ƙirjinshi, ya ɓarke da wata irin dariya mai ƙarfi har kaji suka watse. Sai ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Ke, ajiye mani abin nan!" Bidiyon ke nan gaba ɗaya, ko tukunyar shayi ba ta tafasa kafin ya ƙare. Amma a duniyar nan shi kaɗai ne wurin da fuskarshi ke motsi kuma muryarshi ke fita, kuma shi nake so yarinyar nan ta girma da shi.

Malam, haka nake kiran shi, ba ya barin komai a waya. Kullum cewa yake waya ba ma'ajiya ba ce, yau tana hannunka gobe tana hannun ɓarawo. Duk abin da aka ɗauka sai ya kwashe shi ya zuba a kwamfutar shago ya share wayar tas. Na sha yi mashi tsiya a kan haka, har ranar da aka zare tawa wayar daga jaka a kasuwa. Ya dawo gida yana murmushi bai ce komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Ciwon ƙoda ya kama shi yarinyar tana koyon magana. Da farko ƙafa ce ke kumbura, yana cewa zama ne ya yi yawa. Daga baya fuska ta bi. Aka shiga zaryar asibiti a Katsina, a je a yi wankin ƙoda, a dawo a kwanta. Da abin ya fi ƙarfina ni kaɗai sai muka saki gidan haya muka koma Kurfi, gidansu, inda Inna mahaifiyarshi take da wanshi da muke kira Yaya. Ba ciwon ne ya fi cin ranshi ba, barin shagon ne. Namijin da ya saba ci da guminshi, yau ga shi kwance ana kawo mashi koko a kofi. Sai ya juya fuska bango ya wuni a haka.

Wata rana da muka dawo daga asibiti ya sa direba ya biya da mu Dutsin-Ma. Ya shiga shagon da ƙyar, ya daɗe a ciki, ni ina mota da yarinya tana ta rigima. Ya fito riƙe da wata kwamfutar hannu mai faɗi kamar faranti, ba ta da madannai, da yatsa ake taɓa ta. Ya ce ya sa mata wata manhaja da ake biyan kuɗinta duk shekara, kamar yadda ake sabunta kuɗin kallon tauraron ɗan'adam, kuma da ita zai riƙa aikinshi daga kan gado. Inna na ganin ta ta ce, "Wannan kuma wane irin allo ne?" Shi ke nan sunan ya bi ta, kowa a gidan allon Malam yake cewa.

Wallahi allon nan ya dawo mani da mijina. Da hantsi zai gyara matashin kai, ya kwanta ta gefe, ya jingina allon da gwiwa, ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga duk abin da na saba gani a kwamfutar shago ya bayyana a gabanshi. Kusa da shagonshi akwai wata mata 'yar kudu, Kirista, mai sana'ar kwafin takardu, kowa Madam yake ce mata. Ita ya bar wa makulli. Masu aiki su kawo mata, ta sanar da shi ta waya, ya haɗa daga Kurfi, aikin ya fito a takarda a Dutsin-Ma, ta miƙa wa mai shi. Na tambaye shi yadda abin yake, ya yi dariya ya ce, "Leƙa shagon nake daga nan." Na ɗauka irin maganarshi ce. Ni a lokacin ina tsakanin tasar amai da magani da wanki da goyo, ina na ga kan da zan zauna in bi diddigin abin da ke cikin allo? Na ga aikin a hannunshi, na ce aikin yana hannunshi.

Inna ba ta so. Ta leƙo ta ce, "Kai da ake nema wa lafiya, ka bar wa masu lafiya katin bikinsu mana." Ya ce, "Inna, in na ajiye shi me zan riƙe?" Ranar da kuɗin wani aiki ya shigo ya aika aka sayo mata goro da turare, ta karɓa tana faɗa, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Allon yana da halinshi. Bayan magariba ba ya buɗewa, ranar Lahadi ma haka. Malam bai damu ba, lokacin hutunshi ne. Ni kuma na yanke wa kaina cewa kamfanin da ake biya ne ke tashi daga aiki, kamar banki. In ya tsaya da rana kuwa, kowa ya san amsar, sabis ne. A Kurfi duk abin da ya ƙi aiki sabis ake ɗora wa laifi, har da rediyon Yaya.

In yarinyar ta hana shi sakat sai ya buɗe mata bidiyon nan. Ta ga kanta, ta ga shi, ta yi ta tafi tana cewa, "Baba! Baba!" Shi da ke cewa in ajiye abin nan, shi ne ya koya mani yadda ake kai wa gare shi. Ya kama yatsana ya ce taɓa wannan, jira ya buɗe, shiga nan, sai nan. Hannunshi ya yi sanyi a ranar, fatar ta yi sheƙi saboda kumburi. Ya sa na maimaita har ya tabbatar na iya. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya rasu da hantsi, ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyar da kai. Ba zan iya ba da labarin ranar ba har yau. Allah ya jiƙanshi, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na shiga takaba a ɗakin da ya yi jinya. Ba fita, ba kwalliya, sai zaman tabarma da carbi da masu gaisuwa. Da mutane suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit, wata rana bayan azahar yarinyar ta jawo allon daga ƙarƙashin matashi ta ɗora mani a cinya. Na taɓa inda ya koya mani, ina cewa a raina ba zai buɗe ba. Ya buɗe. Ga wani katin biki da ya fara bai ƙarasa ba, ya sa furanni a gefe ɗaya, ɗaya gefen fari fat. Na wuce na shiga inda bidiyon yake, sai ga muryarshi ta cika ɗakin. Yarinya tana tsalle, ni ina toshe baki da mayafi.

Daga ranar ya zama abincinmu. Kullum bayan azahar, in ba Lahadi ba, sai mun kalla. Inna ba ta taɓa yarda ta dubi allon ba, amma da ta ji an kunna sai ta ɗauko tsintar shinkafarta ta zauna a bakin ƙofa ta ba mu baya. In dariyar ta zo sai hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na riƙa gaya wa kaina, ko ba komai marainiyar nan za ta san uban da ya haife ta, za ta san yadda yake kiran ta, ba sai an ba ta labari ba.

Yaya manomi ne, yana kuma sayen hatsi a Birchi da Barkiya ya kawo kasuwar Kurfi. Mutum ne mai tsoron Allah har abin ya kai ga ba ka haushi. In ya auna maka gero ya ga ƙwaya ta faɗi ƙasa sai ya tsince ta ya jefa a buhunka. Tun bayan sadakar bakwai hankalinshi ya ƙi kwanciya a kan shagon. Kuɗin haya ya kusa ƙarewa, kayan lantarki kuma ba su son ajiya, kullum darajarsu raguwa take. Dukiyar marainiya ce, malamai sun ce a gaggauta a raba a sauke wa mamaci nauyi. Ya zo ya tsaya a bayan labule ya yi sallama.

Ya ce, "Ƙanwata, za mu je Dutsin-Ma mu kwashe kayan shago a yi masu kuɗi, a fitar wa kowa haƙƙinshi. Ko akwai abin da kike so a ajiye maki?"

Na ce, "Yaya, ba ni son komai. A bar mani allon nan kawai, a sa shi a cikin rabona."

Ya ce, "Hotunanku fa? Na san marigayi can yake tara komai."

Na ce, "Suna nan duk a cikin allo, yanzu ma muka gama kallo."

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Ƙwarai kuwa, ni shaida ce, kullum ina jin shi." Yaya ya ce alhamdu lillahi, ya tafi. Mu uku, ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi nufin sharri.

Washegarin ranar da suka kwashe kayan na taɓa allon, sai wani ɗan zobe ya riƙa juyawa a tsakiya, daga baya rubutun Turanci ya fito. Na ce sabis ne. Na ɗaga shi sama, na kai shi bakin taga, na sa aka hau da shi kan katanga. Kwana ya bi kwana, zoben nan yana juyawa, yarinya tana dukan allon da tafin hannu tana kuka. Na aika aka kira ƙanwata mai koyarwa a firamare. Ta karanta ta ce wai yana cewa kwamfutar ba ta kunne. Na ce wace kwamfutar, ba ga ta nan a kunne a hannunki ba? Muka yi shawara muka tsaya a kan cewa kuɗin shekarar ne ya ƙare, sun yanke mu. Na ba ta abin da nake da shi na gaisuwar mutuwa ta je ta sabunta. Suka karɓa, har da aiko da saƙon godiya, 'yan albarka. Zoben ya ci gaba da juyawa.

Duk wannan lokacin Madam ba ta gari, ta tafi garinsu jana'izar mahaifiyarta, ta bar makullin a wurin mai gidan da shagon yake ciki. Da ta dawo ta ga shagon a wofi sai ta shiga mota ta taho Kurfi. Ta ɗaura ɗankwali, ta cire takalmi tun daga zaure, ta zauna a tabarma kusa da ni. Na yi mata gaisuwar tata uwar, ta sake yi mani ta Malam, muka yi kuka tare. Sannan ta ce akwai abin da take so ta gaya mani.

Ta ce tun da Malam ya koma Kurfi, aikinta na farko kullum da safe shi ne ta buɗe shagonshi ta kunna babbar kwamfuta, da magariba ta kashe. Ranar Lahadi tana coci. Bayan rasuwarshi hannunta ya kasa dainawa, ta ci gaba da kunnawa. Wata rana bayan azahar ta shiga ɗaukar takarda, sai ta ga 'yar kibiyar nan tana yawo a fuskar kwamfutar ita kaɗai, ba kowa a kujera. Ta ce saura kaɗan ta zura da gudu. Sai ta ga an buɗe bidiyo, ta ji dariyarshi, ta gane ni ce. Daga ranar kullum bayan azahar sai ta bar na'urarta ta shigo ta zauna a kujerarshi ta kalla tare da mu, mu ba mu sani ba. Da za ta yi tafiya ma ta roƙi mai gidan ya riƙa kunnawa saboda mu.

Na ce, "Madam, kina nufin abin da nake gani a nan, a can yake?"

Ta ce, "Maman bebi, a can yake. Wannan ba ya riƙe komai. Kamar taga ne, ɗakin yana Dutsin-Ma." Sai ta dube ni ta ce, "Ina kwamfutar? Kun kwashe abin da ke ciki kafin a sayar, ko?"

Na miƙe na fita tsakar gida ba mayafi, na ce a kira mani Yaya. Ya shigo da ƙaiƙayi a rigarshi. Na ce wa aka sayar wa kwamfutar, a je a karɓo ta yau ɗin nan, ko nawa ne a mayar mashi. Ya ce wani mai gyara ne ya saya, amma me ya faru? Madam ta yi mashi bayani. Na ga fuskarshi ta canja.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwata, na sa an goge ta."

Ashe da mai gyaran ya kunna ta don ya gwada, Yaya ya ga abin da ke ciki. Amaren mutane ne birjik, wasu ba lulluɓi, matan aure a wurin kamu da wurin suna, 'yan mata da kwalliyar biki. Ya ce wannan amanar mutane ce a wuyan ƙaninshi, ba zai bari ta faɗa hannun wanda bai sani ba, gobe a ga matar wani tana yawo a wayoyin samari ana tsine wa mamaci a kabari. Mai gyaran ya ce zai goge daga baya. Yaya ya ce a'a, a gabanshi, kuma irin gogewar da ba mai iya dawo da ita. Ya ja benci ya zauna, bai tashi ba sai da aka nuna mashi ta koma wayam. Ya dawo gida ranar da farin ciki, yana ganin ya yi wa ɗan'uwanshi gata na ƙarshe.

Ni mai baƙar zuciya ce, gidanmu an sani. Na buɗe baki na zazzage mashi. Na ce wa ya aike ka? Na ce ka tsare mutuncin matan duniya ka bar marainiyar ƙaninka ba uba sau biyu! Na ce tsoron Allahn naka kullum a kan wani yake ƙarewa! Inna tana cewa ke yi shiru, kina takaba, maƙwabta na ji. Na ce su ji. Yaya bai mayar mani da ko kalma ɗaya ba. Bai ce ai na tambaye ki ba, alhali ya tambaye ni. Ya tsaya kanshi a ƙasa har na gaji na zauna a turmi ina haki.

Da asuba ya fita, ko karyawa bai yi ba, ga hanyar a lokacin ba kullum take da lafiya ba. Mai gyaran ya riga ya sayar wa wani ɗalibi. Yaya ya bi ɗalibin ya same shi, ya sayi kwamfutar da kuɗin geronshi fiye da yadda aka sayar, ya ɗauke ta a ka zuwa tasha ya kai Katsina. Ya zaga masu gyara, kowa ya duba ya girgiza kai. An yi gogewar da kyau kamar yadda ya nema, ɗalibin kuma ya cika ta da finafinai. Ya dawo ya ajiye ta a ƙofar ɗakina, ya koma zaure ya zauna. Aka kai mashi tuwo aka dawo da shi.

Muka bi dangi da abokai ko wani yana da wani abu. Aka samu hotuna na taron biki da yake can gefe, rabin fuska, ko ya ɗaga hannu yana gyara wa mutane tsayuwa. Murya babu. Ba ya aika saƙon murya, cewa yake surutu ne, kira yake ko ya rubuta.

Yarinyar ta yi makonni tana jawo allon bayan azahar. In na ce Baba ya ƙi buɗewa sai ta kwanta a ƙasa ta yi ta birgima. Ina jin kukan kamar ana yanka ni, ina roƙon Allah ya sa ta daina. Ranar da ta daina, ta wuce allon ta ɗauki gwangwanin wasanta ko waiwaye ba ta yi ba, sai na gane kukan ya fi mani sauƙi.

Bayan na fita takaba na koma gidanmu a Dutsin-Ma. Na nemi gafarar Yaya, ya ce shi ne mai nema. Yanzu yarinyar tana firamare, duk hutu nakan kai ta Kurfi ta ga kakarta. A hutun da ya wuce muna zaune ina yi mata kitso, Yaya, da take kira Baba Babba, yana zaure yana magana da masu kawo hatsi, muryarshi tana shigowa. Sai ta ce, "Umma, muryar Babana irin ta Baba Babba ce?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, na laluba a cikin kaina. Kalmominshi suna nan, na san abin da yake cewa da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Amma sautin kansa na neme shi na rasa. Ban san ranar da sautin ya ɓace mani ba. Na ce mata e, irin ta ce, uwa ɗaya uba ɗaya ai.

Ta zame daga hannuna da rabin kitso ta ruga zaure. Ina jin ta daga tsakar gida tana cewa, "Baba Babba, Umma ta ce muryarku ɗaya da Babana. An ce yana da dariya. Yi mani irin tashi in ji."

Na kasa kunne, Inna ma ta ajiye abin da ke hannunta. Yarinyar tana ta cewa, "Yi mana, yi mana." Can na ji ya yi gyaran murya, ya fara wani abu, ya tsaya a tsakiya. Sai ya ce mata, a hankali, ta je a ƙarasa mata kitso.